Jan Ƙyallen Gwaggo Tela

Duk layin sun san Gwaggo Tela da abu biyu: iya ɗinki da tsoro. Ƙadangare ya taɓa faɗowa kan kekenta, ta bar mai kaya tsaye ana tsakiyar awo, ba ta koma shagon ba sai da aka rantse mata ya fita. Shi ya sa da aka ji ta shiga ƙungiyar sa-kai mai kula da dajin bayan gari, har 'ya'yanta sai da suka yi dariya a waya.

Maƙwabciyarta, wata malamar makaranta, ita ta ja ta, bayan auta ta tafi karatu gida ya yi mata faɗi. Da farko ba ta wuce bakin daji, iyakarta ta cika ledoji da ƙasa, ta ba dashe ruwa. Da shugaban ƙungiya ya ce a sa wa tsofaffin itatuwa alama don kada a sare su, sai ta kawo buhun ragowar jan yadi, ta ce ba wanda ya iya ƙulli kamarta. Bakinta ne ya kai ta ciki.

Wata Asabar da hantsi ta tsaya ɗaura ƙyalle, ta ɗago ta ga abokan tafiya sun yi gaba. Tana neman sawunsu ta ji ƙarar injin yanka itace, kusa, har cikin haƙoranta. Ta kwasa da gudu, ashe wajen ƙarar ta nufa.

Maza uku ta tarar a gindin wata ƙatuwar bishiya, jan ƙyallenta yashe a ƙasa. Ɗaya ya yo kanta da adda. Mai riƙe da injin ya kashe shi, ya janye tsumman da ya rufe hancinsa. Ɗan ƙanenta ne.

"Gwaggo, ki koma gida," ya ce da ita a hankali. "Ba ki ga komai ba."

Ta so ta tafi, tsoro ya hana ta. Ta sulale ta zauna jingine da bishiyar, daidai ƙarƙashin inda suka fara yanka, garin katako na zubo mata a ɗankwali.

"Ɗauke ta ko ni in ɗauke ta," in ji mai addar.

"Taɓa ta ka gani. Yayar ubana ce."

Suka hau cacar baki a kanta. Ita dai addar take kallo, tana jin bishiyar na ƙara a bayanta duk sanda iska ta kaɗa. Addu'ar da ta haddace tun tana yarinya ta ɓace mata, sai farkonta take ta maimaitawa. Can aka busa usur, muryar malama ta biyo baya tana kiranta. Mazan suka saɓi injin suka faɗa cikin duhuwa.

Da aka ɗaga ta, shugaba ya tambaya ko ta gane wani. Ta ce a bar ta ta sha ruwa tukuna. Daga nan gidan ƙanenta ta wuce. Ya saurare ta, ya ce, "Yaya, ki rufa mana asiri." Washegari ta je ta faɗa wa masu gadin daji gaskiya. Kafin su isa, yaron ya bar gari.

Mai addar ba a kama shi ba. Har yau in babur ya tsaya a ƙofar shagonta, ƙafarta kan tsaya cik a kan keke. Tana zuwa daji duk Asabar, amma a tsakiyar layi, tana riƙe da gefen mayafin malama.

Matar ƙanen ta daina kawo ɗinki. Shi kuwa ƙanen, kwanan baya ya zo ya zauna a bencin shagon.

"Yaron ya kira ki?" in ji shi.

"A'a. Kai fa?"

Ya girgiza kai. Ta kwashe yadin da ke gefensa don ya zauna sosai.