Ranar da Kamfanin Babur Ɗina Ya Rufe

Shekarun baya kaɗan, lokacin da zuwa-zuwa, man da ake shigo mana da shi Garwa a jarka, ya yi tashin gwauron zabi, na sayar da tsohon babur ɗina na sayi na lantarki. Ni malamin dabbobi ne, aikina shiga ruga-ruga ina yi wa shanu allura, kuma babur ɗin na daji ne sosai. Yashi, dutse, kwazazzabo, ba ruwansa. Da waya ake kunna shi, ba makulli. Jama'a, kaina ya kumbura.

Ina da aboki bakanike, tun muna yara muke tare, shi ke gyara mini tsohon. Da na sayi sabon sai na ɗauke ƙafa daga garejinsa. Ranar da na leƙa ma, a gaban mutanensa na ce masa ya fara koyon dafa shayi, don nan gaba kaɗan ba mai kawo masa inji. Aka yi dariya. Shi ma ya yi, amma ba har ciki ba.

Wata ranar Laraba na yi alkawari da wani dattijon Bafulatani, can bayan gari, tafiyar awa uku. Ciwon huhu ya shiga garken maƙwabtansa, shi kuma ranar zai kaɗa shanunsa zuwa wajen Tibati. Ya ce zai jira ni har azahar. In suka tafi ba allura, ciwon zai same su a hanya, inda ba mai taimako, kuma shanun nan su ne duk abin da ya mallaka.

Da safe na jera maganin a kula da ƙanƙara, na ɗaure a baya, na danna waya. Shiru. Na sake dannawa, sai ga wani rubutu da Faransanci wai ba a samu haɗi da kamfani ba. Na tura babur ɗin har shagonsu, na tarar da kwaɗo a ƙofa. Maigadi ya ce, "Malam, ai kamfanin ya rufe gaba ɗaya, tun can ƙasarsu. Ni ma jiya na ji."

Batir cike, taya lafiya, amma babur ya zama ƙarfe. 'Yan moto biyu, masu acaɓa, na tara, da suka ji sunan wurin kowa ya ce hanyar za ta kashe masa abin hawa. Rana ta fara yi, irin ta Garwa, ƙanƙara kuma ba ta san uzuri ba. Haka na tura babur ɗina, gumi har cikin takalmi, zuwa garejin da na yi wa rashin kunya.

Abokina ya dube ni, ya dubi babur. Ya tsuguna ya kara kunnensa a jikinsa kamar yadda yake yi wa kowane inji, ya daɗe. Sannan ya miƙe ya ce, "Ɗan'uwa, ni da kunne nake aiki. Wannan naka bebe ne, me zai gaya mini?"

Na ce, "Ka yi mini duk abin da za ka yi, amma shanun mutum ne a bakin mutuwa."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. "Ƙarfe nawa?"

"Azahar."

Babura huɗu na jiransa, ya ba masu su haƙuri, ya ja ƙofa ya rufe. Ya fito da nasa, wani tsoho mai fasasshiyar salansa, ya juye masa man kwalba uku, ya ce in rungume kula in hau. Sau biyu muka faɗi a yashin mayo, busasshen rafin da ake ratsawa. Duk faɗuwa sai ya fara tambaya, "Maganin fa?" kafin ya duba gwiwarsa da ke jini.

Mun isa azahar ta gota. Rugar wayam, sai toka da kashin shanu. Muna tsaye sai ga dattijon ya ɓullo daga bayan tudu da sandarsa. Ya ce sun riga sun kaɗa, har sun kusa tsallake rafi, sai ya jiyo ƙarar inji daga nesa. Ya ce wa 'ya'yansa su tsayar da garke, ba mai shigowa dajin nan da irin wannan hauka sai wanda ke da alkawari. Na buɗe kula, akwai sauran ƙanƙara kamar dunƙulen hannu. Har la'asar muna allura, abokina na riƙe ƙaho kamar wanda aka haifa a ruga. Dattijon sai "useko, useko" yake yi mana, godiyarsu ke nan.

A hanyar komowa na kai bakina kusa da kunnensa na ce, "Maganar nan da na faɗa a garejinka, ka yafe mini."

Ya ce, "Ba na ji!"

Na ɗaga murya, ya ƙara wuta. Na sake, ya ce in bari sai mun sauka. Da muka sauka ya ce yunwa yake ji.

Daga baya shi da wani mai haɗa famfon sola suka cire ƙwaƙwalwar babur ɗin suka sa wata, suka yi masa makulli irin na kowa. Har yau shi nake hawa, kuma ina son abina. Abin da na koya dai shi ne in riƙa tambayar wa zan iya zuwa wurinsa ranar da abu ya tsaya, kafin in tambayi gudunsa.

Da damina ta faɗi dattijon ya dawo da garkensa cif, ko maraƙi ciwon bai ɗauka ba. Ya zo har gida yana sa mini albarka. Na ce ya tashi mu je, ba nan ne gidan da ya kamata ya zo ba. Na kai shi gareji. Ya kama hannun abokina, baƙi ƙirin da man inji, ya riƙe da hannu biyu yana addu'a, ya ƙi saki. Abokina, mai bakin nan da ba ya mutuwa, sai sunkuyar da kai ya yi.