Jan Hijabin da Na Ara wa Yaya Luba

Shekara tara Yaya Luba ta yi tana kwasar ƙwai a wani gidan kaji da ke hanyar Dutse zuwa Kiyawa. Da wannan aikin take ciyar da marayunta uku. Ni ƙanwarta ce, Safiyatu, kuma da hannuna a abin da ya same ta.

Tana da wata ɗabi'a da muke mata dariya a kai. Ba ta shiga ɗakin kaji sai ta ƙwanƙwasa ƙofar sau uku ta yi sallama. Wai kaji fa! Kuma kullum da tsohon mayafinta ruwan toka wanda ya koɗe har ya gaji. Takan ce kaza mai ƙwai ba ta son baƙon abu, in ta firgita ɗakin duka ya hargitse.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a aka kawo sabon manaja, Malam Idirisu. Ya zaga da agogo a hannu, ya ce masu kwasa huɗu sun yi wa ɗaki biyu yawa, mutum biyu sun isa. Ranar Alhamis zai tsaya ya ga saurin kowa.

Kwana uku Yaya ba ta iya cin tuwo ba. Ta san ita ce mai nawa a cikinsu, don a hankali take ratsa kajin tana musu magana.

Ni da shegen bakina na ce, "Haba Yaya, yanzu kowa hijabi yake sawa. Za ki tsaya gaban manaja da wannan tsumma? Ungo nawa. Kuma don Allah ki bar sallamar nan, lokaci take ci."

"Anya, Safiyatu?" ta ce. Amma tsoro ya sa ta karɓa. Sabo ne fil, ja wur, har ƙasa.

Da safiyar Alhamis Malam Idirisu ya dubi agogo ya ce ta fara. Ta banka ƙofa ta faɗa ciki da sauri, hijabin yana kaɗawa. Kaji dubu suka tashi lokaci guda, suka tattaru a lungu ɗaya, wasu a kan wasu. Tana kiransu da muryar da suka sani, ina! Ba su gane ta ba. Kafin a raba su, talatin da ɗaya sun mutu a ƙasan 'yan uwansu.

Ko faɗa bai yi mata ba. Cewa kawai ya yi ta je gida.

Da ta dawo ta ninke hijabin ta miƙo mini, duk gashin kaji. Na so ta zage ni, wallahi da na fi samun sauƙi. Sai ta zauna a bakin murhu ta ce, "Ba aikin ne ya fi damuna ba. Shekara tara ban taɓa shigar musu ba sallama ba."