Takalman Wutil

Babana Kutegin ya tsufa yana jan amalanken ƙanƙara da karnukan haski, irin masu jure sanyi, a ƙauyenmu na bakin teku a Chukotka, can ƙasar ƙanƙara a arewa mai nisa. Karnuka da yawa sun bi ta hannunsa, amma karya ɗaya ce ta shiga ransa, Wutil, mai ido kamar ruwan sama. Ni kuwa 'yarsa ce tilo, kuma wallahi kishinta nake yi. Tsokar kifi mai maiƙo tata ce. In sanyi ya tsananta a ɗakinmu take kwana, gashinta har cikin shayina. Sunana ma sai ya yi lalube kafin ya kamo, nata kuwa a bakinsa yake.

Abin haushin, haski ba ta san maigida ba. Ko ɓarawo ya shigo, lasar hannunsa za ta yi. Gudu kawai take so, duk mai gudu da ita shi ne nata.

Da gwiwoyin Baba suka ƙi, ya sayar da sauran karnukan ya bar ta. Na ce to madalla, yanzu zai zauna ya ga wadda ke dafa masa abinci. Ina! Kullum da safe maƙwabcinmu Omrin na ɗaura wa karnukansa amalanke, sai Wutil ta haƙa ƙarƙashin shinge ta je ta tsaya a gaban layinsu tana rawar jiki.

"Baba Kutegin, 'yar lelenka ta sake zuwa neman aiki," in ji Omrin yana dariya.

Baba bai yi dariya ba. Ya ɗaure ta da sarƙa, ya daina amsa gaisuwar Omrin. Ita kuma ta daina cin abinci, sai kuka take ta ja kamar an yi mata mutuwa.

"Ka gani ko, Baba?" na ce. "Ka fifita ta, ga shi ta fifita wani."

Ranar nan ya miƙo mini fatar barewa. "Kergina, ɗinka mata takalma huɗu. Ƙanƙarar bana kaifi gare ta, Omrin kuma ba ya duba ƙafa." Ya gwada mini girman da yatsunsa, ko kallon karyar bai yi ba. "Na hagu na gaba ki ƙara faɗi, akwai tsohuwar tsaga a wurin."

Na ɗinka, raina fes, tunda tafiya za ta yi. Shi da kansa ya ja ta da sandarsa har ƙofar Omrin. Ko waiwayensa ba ta yi ba.

Da ya dawo na zuba masa shayi, na ce, "Baba, ni fa nawa takalmin ya huje. Ka san girman ƙafata?"

Ya daɗe yana kallon ƙafafuna. Sai ya ja kujerarsa zuwa taga, inda ake hango hanyar da karnukan Omrin ke dawowa.