Ranar da Dhanraji Ta Ɗauke Bahon Maza

Dhanraji ba ta iya roƙo ba, shi ya sa ake cewa ta cika taurin kai. Ni da gonarmu ke iyaka da tata a garin Seaqaqa tun ina amarya, na san ƙarya ne. Tun rasuwar mijinta ita ke riƙe da gonar rake, ita da shanun huɗa biyu. Ɗanta na birnin Suva, kullum waya: ki sayar ki taho.

Bara gwamnati ta ce duk wanda ya yi sabuwar shuka za a ba shi tallafi, amma sai malamin gona ya ga tsiron da idonsa, a tsaye, kore. Ta tattara abin hannunta ta sayi iri. Da tallafin za ta sayi taki. In tallafin bai fito ba, babu rake baɗi, babu gona. Rake ya tsiro, ruwa ya ɗauke.

Malamin ya fara zagaye. Kowa ya san irin zagayen. Mota ta tsaya, maigida ya daka saiwar yangona, abin shan maza, ya tace a baho, a zauna a rumfa ana miƙa ƙoƙo har la'asar, sannan a leƙa gona. Gida ɗaya a yini. Dhanraji ba ta da namijin da zai zauna bakin baho, mace kuwa ba ta shiga rumfa. Sai motar ta riƙa wuce ƙofarta kamar kango.

Tun asuba take ɗaura duro a amalanke ta ɗebo ruwa a rafi, tana bin layi da gwangwani. Mace mai jikoki. Ganye na naɗewa, gefen tudu ya fara ja, ƙartin gari na zaune suna lashe leɓe.

Ranar da motar ta tsaya a gidanmu, mijina Shiu Karan har da sabuwar riga. Ina murza gurasar roti na hango ta tafe, ƙafa duk taɓo.

Na ce, "Didi, yayata, ina za ki?"

Ba ta kalle ni ba. Ta shige rumfar kai tsaye.

Mijina ya ce, "Bhauji, matar yaya, lafiya? Kicin na can baya."

"Na san inda kicin yake, tun kana yawo ba wando."

Wani ya fara dariya, ya haɗiye abarsa. Ta sunkuya ta ciccibi bahon, cike yake, ta ɗora a ka.

Ta ce wa malamin, "Saheb, ranka ya daɗe, ban hana ka sha ba. Wurin shan ne ya canza."

"Mama, kowa da ranarsa. Ranarki na zuwa."

"Rakena ba zai kai ta ba."

Ta juya ta nufi gonarta. Babu wanda ya isa ya fizgi baho daga kan dattijuwa a gaban baƙo. Malamin ya daɗe yana kallon makullin motarsa. Na san in ya shiga motar nan cikin fushi, Dhanraji ta gama yawo. Na cire tukunya daga wuta na bi bayanta, ina jin mijina na kiran sunana ƙasa-ƙasa.

Muna tsakiyar gona, rana tsaka, muka ji takun takalmi. Shi kaɗai ya zo. Ya bi layi bayan layi yana tona gindin rake da yatsa. A gefen tudu ya murtsuke ganye, ya zama gari a hannunsa.

Ya ce, "Wannan ɓangaren ba zan iya sa shi a takarda ba. Na kwari zan sa."

"Makon jiya kore ne. Ka wuce ta nan."

Ya rubuta abin da zai rubuta, ya kalli bahon da ke kanta. Ta sauke shi a hankali, ta juye yangonar duka a gindin layin da ke da sauran rai.

Tallafin rabin gona ya fito. Takin da ta saya ya ishi kwarin, tudun kuwa ta bar wa shanu. Har yau mijina ba ya gaishe ta, wai ta ci masa mutunci gaban baƙo. Na ce masa ya je ya dubi tudun, sannan ya dawo mu yi maganar mutunci.