Jan Ruwa a Ƙarƙashin Motar Gawa

A duk shekarun da na yi a wannan gareji, akwai ranar da har gobe ba ta fita raina ba, ranar da aka kawo mini motar gawa daga wani gari a ƙasar Gagarawa. Ku da kuka ɗauki feshin ƙarƙashin mota wasa, kuna ta labta baƙi kamar masu yaɓen ɗaki, ku matso ku ji.

Ranar Alhamis ce, bayan ɗaukewar damina. Kun san Alhamis a Gumel, kowa ya nufi kasuwar Maigatari, har masu walda sun sulale, ni kaɗai na rage. Lokacin ina babban mai fenti, ban zama shugaban gareji ba tukuna. Da hantsi sai ga wata farar bas ta shigo a hankali, an cire kujerun bayanta. Ban tambaya ba, na gane ta. Motar kwamitin masallaci ce, ita ke ɗauko mamata daga asibiti, ita kuma ke kai su maƙabarta a bayan gari.

Mutum biyu suka fito. Direban, Malam Sabo, dattijo ne siriri marar yawan magana. Ɗayan kuwa Alhaji Ɗanlami ne, shugaban kwamitin, ɗan kasuwar hatsi. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya ce, "Maigida, baƙin nan mai kauri nake so a fesa mata a ƙasa. A yi a maimaita. Kada ko allura ta sami wurin wucewa."

Bari in yi wa sababbin cikinku bayani. Abin da muke kare gindin mota da shi iri biyu ne. Akwai baƙin mai kauri da muke kira kwalta, yana bushewa kamar roba. Yana da kyau a kan lafiyayyen ƙarfe busasshe, amma in ka shafa shi a kan tsatsa, ko ruwa ya shiga bayansa, to ka rufe ɓarna ne, tana ci ba ka gani. Akwai kuma mai mai ruwa-ruwa, mai danƙo kamar kaki, wanda ke ratsa kowane lungu ya kori laima. Ba ya ɗaukar ido, kuma duk shekara kafin damina sai an sake shi.

Na ce, "Alhaji, me ya faru da motar?" Sai ya kau da kai ya tafi gindin darbejiya. Malam Sabo ne ya ja ni gefe, ya yi ƙasa da murya. Ashe mahaifiyar Alhajin ce ta rasu kwanan baya. Da aka isa bakin kabari aka ɗago ta daga kan tabarma, sai aka ga jan tabo a bayan likkafanin, daidai kafaɗa. Aka rufe ta aka watse, amma kun san bakin mutane, kafin sadakar uku an fara raɗe-raɗin cewa jini ne. Shi Alhaji ya kafe a kan ruwan kududdufin hanya ne ya faso ta ƙasa, saboda haka a toshe.

Na shiga ramin duba ƙarƙashin mota da tocila, Malam Sabo ya hau da motar ta rufe kaina. Ramin nan na shiga shi ba adadi, amma ranar sai na ga tsawonsa da faɗinsa ba su yi mini daɗi ba. Garejin tsit, ko ƙarar guduma babu. Na haska sama, sai na ga ashe an taɓa fesa mata kwalta tun tuni, kuma ta kumbura wuri-wuri kamar ƙunar ruwan zafi. Na taɓa wani kumburi na ji shi da sanyi, alhali an daɗe rabon da a ga hadari. Na ƙwanƙwasa. Ƙarfe mai lafiya amsawa yake yi, wannan kuwa kamar na bugi kabewa.

Na fito na tambayi Malam Sabo yadda yake wanke ta. Ya ce duk gawar da ya ɗauka, sai ya kwarara wa cikin motar ruwa, da maganin nan mai yaji a hanci da ma'aikatan lafiya suka ba shi. Sannan ya mayar da kafet da tabarma, ya kulle, ya ajiye ta a inuwar bayan masallaci. Ya ce, "Ba a barin motar gawa a buɗe, yara sai su leƙa." Girmamawa ce tsantsa, kuma ita ce ta cinye ƙarfen.

Na gaya wa Alhaji daga sama ruwan yake, ba daga hanya ba. Ruwan wanki ne ke kwanciya a ƙarƙashin kafet yana cin ƙarfe, in an ɗora nauyi sai ya tsattso ta cikin tabarma da jan tsatsa. Na ce a kankare tsohuwar kwaltar, a yanke ruɓaɓɓen ƙarfe a walda sabo, a huda ƙananan kafofin tsiyaya, sannan a fesa mai. Ya taso mini haiƙan. "Huda? A ƙarƙashin mamaci za ka huda? Ni toshewa na zo a yi." Ni ma a lokacin ba ni da sanyin hali. Na ce ban yi, in ya ga dama ya kai wani wuri, amma kafin ya tafi ya sauko ramin ya gani da idonsa.

Ya tattare babbar riga ya sauko. Na ce wa Malam Sabo ya shiga bayan motar don mu ga yadda daɓen ke ɗaukar nauyi. Tsayuwa nake nufi. Sai muka ji motsinsa yana miƙewa a kwance, ya ce, "Ai su ba a tsaye suke shiga ba."

Daɓen ya lotso a hankali a kan kawunanmu, tun daga inda kai yake har ƙafafu, yana ɗan kuka. Muna ƙasa muna kallon siffar mutum a jikin ƙarfe. Na ji numfashin Alhaji ya sauya. Na sa bakin sukudireba na tsaga kumburin da ke daidai kafaɗa. Jan ruwa ya tsiyayo, ya bi hannun rigarsa fara. Ramin ya cika da warin tsatsa, a bayansa kuma ƙanshin kafur da turare.

Alhaji ya kai hannun rigar hancinsa, ya daɗe bai sauke ba. Can ya ce, "Turaren nan ni na sayo shi da hannuna."

Muryar Malam Sabo ta ratso ƙarfen daga sama. "Tun Hajiya mahaifiyarka ba a ɗauki kowa ba, Alhaji."

Sai babban mutum ya durƙusa a cikin rami, cikin baƙin mai da datti, yana kuka kamar yaro. Abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Ashe ba daga jikinta ba ne. Ashe ba daga jikin Inna ba ne." A nan na gane shi kansa bai taɓa yarda da zancen ruwan kududdufi ba. Raɗe-raɗin mutane ya shige shi, yana kwana da shi yana tashi da shi, ya rasa wanda zai faɗa wa. Tausayinsa ya kama ni, na kashe tocilar na bar shi ya yi kukansa.

Da muka fito ya ce, "A kankare duka. Tsohon ƙarfen kuma kada a yar, zan jingine shi a ƙofar masallaci kowa ya gani." Haka aka yi. Muka walda sabon daɓe, muka huda, muka fesa mai, Malam Sabo kuma ya koma shanya kafet a rana kafin ya kulle.

Abin da na koya shi ne, kafin ka zaɓi abin da za ka fesa, ka fara gano ta inda ruwan yake shigowa. In kuma mai mota ya kafe a kan lallai sai an rufe, ka tambaye shi a hankali me yake tsoron gani. Duk shekara kafin ruwan farko ana kawo motar nan a sake mata mai, kuma ba na barin kowa ya yi sai ni. Har yau ba na shiga ƙarƙashinta sai na yi sallama.