Jan Hawayen Ɓeraye

Ina da shekara talatin da 'yan kai lokacin da nake aiki a wata cibiyar bincike a nan Kaduna, inda muke kiwon fararen ɓeraye don gwajin magunguna. Mai kula da su wani dattijo ne daga kudancin jihar, mazaunin Kurmin Mashi, wanda kowa ke kira Baba. Dokar ɗakinsa guda ce: duk ɓeran da ya zo daga waje sai an keɓe shi mako uku kafin a haɗa shi da sauran.

Ni na karya ta. Ina sauri in kammala wani gwaji, na karɓo ɓeraye biyu daga wurin abokina, na zura su cikin keji ranar Lahadi da safe, Baba yana coci.

Kafin mako ya zagayo, ɗakin ya cika da atishawa. Wuyan ɓerayen ya kumbura, idanunsu suna zubar da jan hawaye mai bushewa a kan gashi. Ba jini ba ne. Na sani, domin na karanta. Cuta ce ta dangin korona da ke yaɗuwa tsakanin ɓeraye, ba ta cika kisa ba, amma tana lalata duk gwajin da ake cikinsa.

Shugaban sashe ya tara mu.

"Baba, wace ƙazanta ka kwaso mana daga gida?"

"Ranka ya daɗe, gidana ko ɓeran kicin babu."

"To, daga sama ta faɗo?"

Aka yi dariya, har da ni.

Aka umarci Baba ya kashe ɓerayen duka kafin ya miƙa makulli ya bar aikin. Ya yini yana karya musu wuya, ɗaya bayan ɗaya. Ni aka ba rubuta rahoto saboda Turancina ya fi na kowa, na kuwa rubuta cewa sakacinsa ne. Na daɗe ina gaya wa kaina tsoro ne ya rufe mini baki, amma ban tuna hannuna ya yi rawa ba.

Bara na gan shi a tashar Kawo yana jiran mota. Na rusuna na gaishe shi.

"Oga, an yi ƙiba," ya ce.

"Baba, abin nan da ya faru..."

"Biyun nan naka? Su na fara kashewa. Ba ni na raine su ba, shi ya sa suka fi mini sauƙi."

Ya ɗauki jakarsa ya shiga mota.