Rijiyar Kangon Banki

Ɗanasabe mutumin Taloka ne, makanikin injin ban-ruwa. Tun yana saurayi yake yawon fadama da sufana a aljihu, kuma manoman albasar yankin sun san shi da abu biyu: gaskiya a aiki da ƙyanƙyamin tsiya. In ƙuda ya faɗa masa a kunu, to kunun ya zama na awaki.

Da shekaru suka fara ja, baya ya fara ciwo, sai ya nemi abin da zai riƙe shi in ƙarfi ya ƙare. Ya sayar da 'yar fadamar da ya gada, ya sayi wani kango a Goronyo wanda banki ya ƙwace daga hannun wani ɗan kasuwa da ya karye. Gini ya kai linta, ba rufi, ba ƙofa. Shi kuwa ba ginin ne ya ja shi ba, rijiyar tsakar gidan ce mai murfin siminti. Unguwar na wahalar ruwa, ga shi da inji. Zai kafa tanki ya riƙa sayar wa 'yan garuwa, da haka ya ƙarasa ginin a hankali. Ranar dubawa ma'aikacin banki ya ce murfin ya yi nauyi, ya koma inuwa yana danna waya. Ɗanasabe ya jefa tsakuwa ta wata 'yar kafa, ya ji ta faɗa ruwa, shi ke nan ya gamsu.

Kowa dai ya san abin da unguwa ke mayar da kango. Bawan Allah ya ɗaure hanci da ƙyalle ya yi ta kwasa da shebur, yana tofar da yawu, har tuwo ya daina shiga masa. Yana cikin wannan ne maƙwabcinsa, Alhaji Lauwali, ya leƙo ta katanga da carbi a hannu.

"Gidan hawaye ka saye, Ɗanasabe. Kayan riba ba su da albarka. Ni ko kyauta anka ba ni, ba ni so."

Ɗanasabe ya ci gaba da kwasa.

Da wuri ya yi fes, sai ya sa ƙarfe ya ɗaga murfin rijiyar. Warin da ya buge shi sai da ya ja da baya. Ya daure ya haska tocila, ya hango wani bututun roba ya ɓullo ta gefen katangar Alhaji, kuma a kan idonsa bututun ya feso sabon kaya. Nan take ya durƙusa ya yi ta kelaya amai.

Ko baki bai kurkure ba ya yi sallama da Alhaji.

"Alhaji, mi ya kawo bututun makewayinka cikin rijiyata?"

"Sa'adda munka sa shi, ai gidan banki na," in ji Alhaji, ko kunya babu. "Banki kau ba mutum ba na, balle shi ji wari."

Masu yasar rijiya suka zo suka leƙa, suka girgiza kai. Ko an kwashe, ƙasa ta riga ta sha. Kuma wa zai sayi ruwan? Ashe duk unguwar an sani, har 'yan garuwan, amma aka rasa mutum ɗaya da zai faɗa masa. Fadama ta tafi, rijiya ta mutu. Ya cusa buhu a bakin bututun, ya kwaɓa siminti ya liƙe.

Ba a daɗe ba sai ga Alhaji tare da mai unguwa, ya tattare riga, fuska a murtuke, wai ƙazanta ta yi ambaliya a tsakar gidansa.

"Wanga ba zaman maƙwabtaka ba na," in ji shi. "Ka ji tsoron Allah ka buɗe muna. Tunda rijiyag ga ta riga ta ɓaci, mi za ka yi da ita?"

Ɗanasabe ya juya wajen mai unguwa yana jiran ya tsawata masa. Mai unguwa ya gyara hula, ya ce ai maganar Alhaji abin dubawa ce.